Fitila ko hon: wanne mai keke zai fara saya?

Musa (Gadarif, Sudan): Salamu alaikum iyayena da 'yan uwa. Shawara nake nema. Tunda kuɗin raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya fi ƙarfina na koma hawa keke zuwa kasuwa, kuma yawanci ba na tasowa sai bayan isha'i. Ga shi kaka ta yi, manyan motocin riɗi sun cika titi. Keken Phoenix ne tsoho, ba fitila, ƙararrawar ma ta daina ƙara. Na ga wata fitila a shago an rubuta ƙarfin haskenta lumen 10,000 a kwalinta, na kuma ga hon na batir mai ƙarar tsiya. Kuɗin hannuna na abu ɗaya ne. Wanne zan fara saya?

Sabi'u: Wa alaikumus salam. Hon mana, Musa. Titin nan wanda ba shi da murya ba a ba shi hanya. Idanunka ai suna gani, ga hasken shaguna, ga na motoci.

Baba Garba (direba): Sabi'u ɗana, bari in tari numfashinka tun maganar ba ta yi nisa ba. Ni gandaran, wato tirela, nake ja tsakanin Gadarif da Bur Sudan, kuma ina gaya muku tsakani da Allah, a cikin kan motar nan, inji yana ruri, gilashi a rufe saboda ƙura, hon ɗin keke ba ya iso mu. Wani lokaci hon ɗin boksi, wato a-kori-kura, ma da ƙyar muke ji. Abin da ke cetonka a wurina shi ne in gan ka, in gan ka kuma da wuri.

Ku yi lissafin da kanku. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Gandaran mai cikakken lodi, daga lokacin da idona ya ga abu zuwa lokacin da za ta tsaya cak, tana neman kusan mita 100 ko fiye, don birkin iska ma sai ya ɗan ja lokaci kafin ya kama. To mai keke da ba shi da komai a bayansa, sanye da duhun kaya, ga wata mota ta taho daga gaba ta kashe mini ido, sau da yawa ba na ganinsa sai ya rage mita talatin ko arba'in. Me zan yi a wannan tazarar? Sai dai in kauce in da wurin kaucewa, in babu kuma sai abin da Allah ya yi. Na sha sauka daga mota jikina yana rawa saboda yaron da na wuce ta gefensa da kamu ɗaya, shi kuwa bai ma san abin da ya faru ba.

Don haka Musa, in kuɗin abu ɗaya ne, jar fitila ta baya za ka saya. Abin da ke gabanka kana ganinsa, kana da birki. Abin da ke bayanka ba ka da iko a kansa.

Musa (Gadarif): Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi ban kawo ta baya a lissafina ba sam.

Usta Haruna (mai gyaran keke): Maganar Baba Garba ita ce. Kuma abin daɗin, jar ta baya ita ce mafi araha a duk kayan nan. Mai batir biyu ƙanana, irin na rimot, tana yin awoyi da dama kafin ta nemi canji, don ja ba ya cin wuta kamar farin haske mai haska hanya. In ka yi ciniki da kyau, kuɗin waccan babbar fitilar zai saya maka jar baya, da 'yar madaidaiciyar fara ta gaba, da sabuwar ƙararrawa, har ka samu canjin faci.

Sai dai wurin ɗaura ta, nan mutane suke ɓata aikin. Kullum ana kawo mini keke da fitila a ƙarƙashin sirdi, mai shi kuma yana ɗora buhu ko kwandon burodi a kariya, ko jallabiyarsa ta sauko ta rufe ta. Fitilar tana ci, amma ba mai ganinta. A ƙarshen kariya ta baya ake ɗaure ta, ta ƙasa, inda kaya ba sa kai wa, fuskarta tana kallon baya sak, ba sama ba, ba taya ba. Robar da take zuwa da ita ba ta jure ranarmu, tana tsattsagewa. Ni nakan huda ɗan ƙarfe in ɗaure da noti, in saka yankin tsohon tub a tsakani don girgiza kada ta kashe ta.

Nafi'u (gyaran waya, Kassala): Bari in yi magana kan lumen 10,000 ɗin nan, don ɓangarena ne. Ƙarya ce tsagwaronta, Musa. Fitilar mota ta halojin, ƙaramin haske, tana tsakanin lumen 1,000 zuwa 1,500 ne. Yanzu abin da bai fi tsawon tafin hannunka ba ya ninka fitilar mota sau bakwai?

Ga yadda za ka gane. Ƙwan LED na kasuwa yana ba da wajen lumen 100 a kowane wat ɗaya. Ke nan lumen 1,000 na gaskiya yana cin wat 10, lumen 10,000 kuwa wat 100. Batirin da ke cikin irin waɗannan fitilun shi ne 18650, wanda faɗinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65, ƙarfinsa bolt 3.7. Mai kyau na 2,600 mAh (ma'aunin cajin da batir ke ɗauka) bai kai wat-awa 10 ba. Wato in da gaske tana ba da 10,000, cikin 'yan mintoci batirin zai ƙare, in robar ba ta riga ta narke ba. Su kansu batiran ana yi musu ƙarya. Na manyan kamfanoni ba ya wuce wajen 3,500 mAh, amma za ka ga ja ko shuɗi an buga masa 9,900. Ɗauke shi a hannu. Na gaske yana da nauyin gram 45 ko kusa da haka, na jabu kuwa sakayau za ka ji shi.

Abin da kake bukata a cikin gari, inda akwai ɗan haske, lumen 200 zuwa 400 ya isa. In za ka fita bayan gari inda duhu ne ƙirin kuma ga ramuka, 500 zuwa 800. Wanda ya rubuta ƙaramin adadi a kwalinsa, ya kuma faɗi awa nawa take yi a kowane mataki, yawanci shi ne mai gaskiya.

Sabi'u: To Nafi'u, duk wannan caji ne. Ina wutar? Unguwarmu sai a wuni a kwana ba a kawo ba. Wayar ma sai an kai wurin mai sola an biya.

Malam Tijjani (Mai Wurno): Wannan tambayar ta Sabi'u ita ce ta fi damuna, kuma shi ya sa har gobe ni ina tare da dinamo, wanda tayar keke ke juyawa ya ba da wuta. Iyayenmu da suka yi ta zirga-zirga tsakanin nan da Sinnar a kan Raleigh, da shi suka yi. Bolt 6 ne, wat 3, ba ya neman caji, ba ya neman batir, ba ya ƙarewa sai in ƙafarka ta gaji. Kuma ɓarawo ba ya zare shi a ƙofar masallaci, don a ɗaure yake da jikin keke. A halin yaƙin da ƙasar nan take ciki tun 2023, abin da bai dogara da wutar gwamnati ba shi ne abin riƙewa.

Usta Haruna (mai gyaran keke): Malam, Allah ya gafarta, ina girmama dinamo, da shi na koyi aiki. Amma a faɗi aibinsa. Na farko, da ka tsaya ya mutu. A mahaɗar hanya, inda ka fi bukatar a gan ka, nan kake zama baƙi ƙirin. Na biyu, wanda yake gogar gefen taya, in damina ta sauka a Gadarif, laka ta kama tayar, santsi yake yi, hasken ya riƙa ɗaukewa. Kun san baƙar ƙasarmu, in ta jiƙe har madigadi take toshewa. Na uku yana cinye gefen taya in ba a daidaita shi ba.

Wanda ya nace sai dinamo, ya yi abu biyu. Ya cire tsohon ƙwan nan mai zare ya sa kan fitila na LED wanda aka yi don dinamo, zai ga haske ya ninka da ƙarfin feda ɗaya. Wasu ma suna da ɗan abin ajiye wuta a ciki da ke riƙe haske na 'yan mintoci bayan an tsaya. Sannan duk da haka ya sa jar mai batir a baya. Akwai dinamon da ke cikin cibiyar tayar gaba, shi ba ruwansa da laka, sai dai tsada, kuma sai an sake ɗinka tayar gaba ɗaya.

Malam Tijjani (Mai Wurno): Na karɓi gyaran jar mai batir, Usta. Amma a gaba ina nan kan bakana. Na ga samari da yawa da fitilar caji mai kyau a kan keke, a mace, don an manta ba a yi caji ba. Fitilar da ba ta ci daidai take da babu.

Nafi'u (gyaran waya, Kassala): Akwai tsaka-tsaki, Malam. A nemi wadda ake buɗe bayanta a cire batirin, ba wadda aka liƙe ba. Sai mutum ya mallaki batir biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana wurin mai sola tare da waya. Masu liƙaƙƙen batir in ya mutu shi ke nan, an yar da fitilar. Gargaɗina ɗaya: batirin lithiyam ba ya shiri da zafi. Kada a bar fitila a kan keke cikin rana tsaka, musamman Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, kada kuma a sa caji tana da zafi ko a ƙarƙashin matashi. Wanda ya kumbura ko fatarsa ta yage a rabu da shi. Kuma kada a zuba shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, yana iya haɗa wuta.

Hajiya Binta: Salamu alaikum. Ni ba na hawa keke, amma ina tafiya a ƙasa, kuma ina da ƙorafi a kan 'ya'yan nan. Don Allah masu farar fitila ku sunkuyar da ita. Ina dawowa daga gidan ƙanwata da magariba, yaro ya taho ya dalle mini fuska, na tsaya ban ga komai ba, ga kwata a gefena, ga jika a hannuna. Sai da ya wuce na ɗan jima kafin idona ya dawo. Mu da shekaru suka ja, idonmu ba ya saurin washewa kamar naku. Hanyar yake son gani ko fuskata?

Baba Garba (direba): Hajiya kin faɗi abin da ke raina. Mu ma haka suke mana. Kuma yaro bai san cewa direban da ya kashe wa ido, kansa zai iya faɗowa ba.

Usta Haruna (mai gyaran keke): Hajiya ki yi haƙuri, laifin har da namu masu ɗaurawa, sai mu ɗaura mu karɓi kuɗi ba mu nuna musu saiti ba. Ga yadda ake yi, kowa zai iya a gida. Ka tsayar da keke da dare yana fuskantar bango, taku biyar ko shida tsakaninsu. Ka auna tsayin fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bangon da gawayi daidai wannan tsayin. Kunna. In hasken mai ƙarfi ya haura alamar, to idon mutane kake haskawa, sai ka sunkuyar har ya dawo ƙasa da ita. A kan hanya, tsakiyar hasken ya sauka a ƙasa wajen mita goma a gabanka. Ka ɗaure tam, don gargada tana ɗaga ta a hankali ba ka sani ba.

Yawancin na kasuwarmu tocila ce kawai aka yi wa mariƙi, haskenta zagaye yake, rabi yana tafiya sama a banza. Akwai waɗanda aka yi musamman don keke, an yanke hasken ta sama kamar ƙaramin hasken mota. In ka haska bango za ka ga layi a miƙe, sama duhu ƙasa haske. Wanda ya ci karo da irinta ya saya, ko da lumen ɗinta bai kai na ɗayar ba.

Abdulƙadir (Jidda): Gaisuwa ga iyaye. Irin wadda Usta yake nufi ana samunta a nan, sukan rubuta StVZO a kwalin, wato dokar hanya ta Jamus, su ne suka wajabta yanke hasken. Su a can ma ba a yarda fitilar da ke jikin keke ta riƙa walƙiya ba, haka Holan. Ingila kuwa ta halatta mai walƙiya tun 2005. Don haka ko ƙasashen da suka yi nisa a harkar keke ba su haɗu kan magana ɗaya ba. Ni a nan, masu hawa a bakin teku da na gani, yawancinsu walƙiya suke sa wa a baya ko da rana.

Sabi'u: Ai walƙiya ta fi. Tana jan ido, kuma batir ya fi daɗewa.

Baba Garba (direba): Tana jan ido, gaskiya ne. Amma ka tambayi wanda yake bayan sitiyari. A hanya mai duhu, abu yana ƙyaf-ƙyaf, na san akwai wani abu, amma ban iya auna nisansa ba, ban san tafiya yake ko a tsaye yake ba. Mai ci ɗif ita ce nake iya bi da ido in san saura nawa in cim masa. A cikin gari da magariba, inda fitilu suka yi yawa, ga raksha ga shaguna, nan walƙiya take da amfani don tana fitar da kai daga cikin tarin. Haka ranar da habub ya taso, ƙura ta rufe gari. Wanda yake da hali ya sa biyu, ɗaya ɗif ɗaya walƙiya. Wanda ba shi da hali, a babban titi da dare ya bar ta ɗif.

Ta gaba kuwa kada a sa ta walƙiya da dare ko kaɗan. Kuma ina roƙon samari, ku bar sayen mai ja da shuɗi irin ta 'yan sanda. Lokacin nan ba na wasa da irin wannan ba ne. In kun doso shingen jami'an tsaro ku rage gudu, ku sunkuyar da fitila ko ku kare ta da hannu, kada ku haska musu fuska. Fari a gaba, ja a baya, kada a juya. Na taɓa ganin mai jar fitila a gaba, na ɗauka tafiya yake yana nisa da ni, ashe ni yake dosowa.

Sista Amina: Ina bin maganar tun ɗazu daga wurin aiki. Abu ɗaya nake so in ƙara, daga abin da muke gani a ɗakin haɗari. Ba duka ne ake bugewa ta baya ba. Da yawa ta gefe ne, a mahaɗa, ko raksha ta fito daga lungu. Fitilar gaba da ta baya ba sa nuna ka sosai ga wanda ya fito ta gefenka. Ku nemi tef ɗin nan mai ƙyalli da ake liƙa wa manyan motoci, yana nan wurin masu kayan mota, a yanka a liƙa a jikin ƙarfen keke ta gefe biyu, da kan feda, da madigadin baya. Wanda zai iya ya ɗaura ɗan ƙyallen a idon sawunsa. Abin da ke hawa yana sauka, direba yana ganinsa ya san ƙafar mutum ce take tuƙi, ya fi saurin ganewa a kan ɗigon haske guda.

Kuma ku ji tsoron Allah ku cire abin jin waƙa daga kunne. Yaro ya zo mana da karaya a cinya, wayar abin tana rataye a wuyansa, mahaifiyarsa tana kuka a bakin ƙofa. Direban ya rantse ya yi ta danna hon. Ana ta maganar wane hon za a saya don a ji ku, ku kuma kun toshe naku kunnen.

Musa (Gadarif): Sista, wasu suna rataya tsohon faifan CD a baya. Yana yin aikin tef ɗin?

Nafi'u (gyaran waya, Kassala): Ba ya yi. Faifai madubi ne, yana jefa hasken wani gefe daban, sai an yi sa'a ya dawo wa direba. Tef ɗin an yi shi ne ya mayar da haske inda ya fito, shi ya sa yake ƙyalli a idon mai mota daga nesa. Amma shi ma sai an haska shi. Mai raksha da fitilarsa ta mutu, ko mai karo, wato amalanken jaki, ko mai tafiya a ƙasa, ba za su ga komai ba. Ƙari ne a kan fitila, ba madadinta ba.

Sabi'u: To duk kun taru kun kashe hon. Ni fa ban yarda ba shi da amfani ba. Masu raksha da amjad, ƙananan motocin hayar nan, gilashinsu a buɗe yake, suna ji. Sau da yawa hon ne yake hana su matse ni da gefen titi.

Kawu Idi (mai karo): Sabi'u, in za ka sa ka sa, amma ka san inda za ka danna. Jakina ya saba da hon ɗin mota, ya saba da ƙararrawa. Wannan sabon mai tsuwa kamar jiniya shi ne bai sani ba. Wani yaro ya danna shi daidai kunnen jakin ina ɗauke da durom ɗin ruwa, ya zabura ya yi tsakiyar titi da ni. Da akwai mota a lokacin, da yanzu wani zancen ake. In ka zo wuce karo, ka yi ƙararrawa tun daga nesa, ko ka yi sallama da baki, ka ba mu fili. Haka awaki da shanu in ana koro su da yamma.

Hajiya Binta: Mu ma haka. Ƙararrawa in na ji na san keke ne, sai in matsa gefe a hankali. Wancan kuwa firgita ni yake, ban san ta ina zan yi ba.

Malam Tijjani (Mai Wurno): Abin da Kawu da Hajiya suka faɗa ba sabon abu ba ne. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, da ta lissafa abin da keke zai mallaka, cewa ta yi birki mai aiki, da ƙararrawar da ake ji daga nesa, da jan abin ƙyalli a baya, da farar fitila ko rawaya a gaba, da ja a baya. Har ta ce kada a ƙara wani abin gargaɗi mai ƙara bayan ƙararrawar. Hikimar ita ce kowane abin hawa a san shi da muryarsa.

Usta Haruna (mai gyaran keke): Bari in raba gardamar, don Sabi'u yana da tasa gaskiyar. Ƙararrawa ta mutane ce da dabbobi da 'yan uwanka masu keke, kuma kowane keke ya kamata ya samu. A nemi ta ƙarfe, mai murfin tagulla in an samu, muryarta ta fi tafiya. In ta dushe, yawanci ƙura ce ta cika cikinta ko murfin ya matse yana taɓa wani abu. A kwance, a goge, a ɗiga mai kaɗan a haƙoran ciki, kada a shafa a murfin. Musa, kawo taka in duba kafin ka sayi sabuwa, mai yiwuwa ba ta mutu ba.

Hon kuma na masu inji ne, raksha da babur da amjad. Iri uku nake gani. Na roba mai matsawa, araha ne, amma rana tana fasa robar. Na batir, ƙarami, mai tsuwa. Sai wanda samari suke ciro na babur su haɗa da batir mai bolt 12 a ƙarƙashin kariya. Wannan na ƙarshe direbobi sun fi amsa shi don muryar da suka sani ce, amma nauyi ne, kuma in wayar ta goge da ƙarfe ba fiyus, gobara ce. Duk wanda za ka sa, maɓallin ya zauna inda babban yatsa zai kai ba tare da ka saki birki ba. Na ga masu ɗaura shi a tsakiyar kan keke, sai sun ɗage hannu. A daƙiƙar da kake neman maɓalli, da birki ka matsa da ka tsaya.

Nafi'u (gyaran waya, Kassala): Su ma lambobin hon a yi hattara. Ƙarar hon ɗin mota tana wajen desibel 100 zuwa 110. Za ka ga na keke an rubuta 120 ko 130, ba su faɗi daga wane nisa suka auna ba, galibi a bakinsa ne. Ƙara kuwa tana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Kafin ta kai mota mai nisan mita ashirin ta ragu sosai, kunnen da ya fi shan ta shi ne naka da na yaron da ka goyo a gaba. Araha ba ta ado, amma a nan mai tsadar ma ba ya ratsa gilashin gandaran.

Sabi'u: Na ji. Zan bar nawa don raksha, in ƙara ƙararrawa. Amma Baba Garba, in na ga gandaran za ta karya kwana ta kaina, ba hon, me zan yi?

Baba Garba (direba): Kada ka bari ka kai wurin, ɗana. Gefen damanmu, daga ƙofa zuwa tsakiyar bodi, da daidai ƙasan hancin mota, wurare ne da madubi ba ya nuna mana. Fitilarka ko ta lumen nawa ce, in kana nan ba na ganinka. Kuma in za mu karya dama, kan motar yana fara buɗewa hagu, sai ka ga fili ya samu ka ce bari in shige, alhali tayoyin baya nan za su biyo su rufe. In ka tarar da babbar mota a mahaɗa, tsaya a bayanta, nesa kaɗan, inda kake hango madubina. In kana ganin fuskata a madubi, ni ma ina ganinka. Kuma a bi hannun dama tare da motoci. Masu bin hannun da ba nasu ba don wai su riƙa ganin abin da ke zuwa, su ne suka fi ba mu tsoro, don gudunsu da namu haɗuwa suke yi.

Abdulƙadir (Jidda): Usta, in akwai masu so, zan iya sayen masu yankakken haske da jajayen baya in ba wani mai dawowa daga Umra, ko ta jirgin ruwan Sawakin. A rubuta suna a wurinka, kowa ya tura kuɗinsa ta manhajar Bankak.

Usta Haruna (mai gyaran keke): Madalla, Allah ya saka. Ka duba mini abu uku kafin ka biya. Mariƙin ya zama mai noti, ba roba zalla ba. Ramin cajin ya zama da murfi, don ƙura. Sannan a ga IPX4 ko sama da haka a jiki, shi ne mai jure feshin ruwa, don damina. Jajayen kuma ka fi yawaita masu batirin rimot, su kowane kanti ana samu.

Nafi'u (gyaran waya, Kassala): Yaya Abdulƙadir, ka gaya wa wanda zai riƙo, in ta jirgin sama ne, batiran lithiyam da ba a cikin na'ura suke ba ba a sa su a akwatin da ake aunawa, a jakar hannu ake shiga da su. Ya liƙe kan kowanne da tef, ko ya bar su a kwalinsu. Ka haɗo mini da caja mai cin batir biyu, zan ajiye ta a shago ga duk wanda yake Kassala.